Filin Bappa Mai Ɗab'i: Yaya Zan Yi Labarin Kayana Ya Zaga Gari?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya. Kowa so yake a wayi gari labarin sana'arsa ya karaɗe wayoyin jama'a, wannan ya tura wa wancan, ba tare da ya biya gidan rediyo ko ya kafa allo a bakin titi ba. Ga sababbin masu karatu, ni sana'ata ɗab'i ce a nan cikin Gombe: katin biki, kalanda, rasit, da sitikar da ake mannawa a jikin roba da leda. Masu ƙananan sana'o'i da yawa sukan biyo ta shagona kafin kayansu su fita kasuwa, sukan kuma dawo in ji yadda ta kaya. Da abin da na gani a wurinsu nake amsa muku.

Tambaya: Bappa ina wuni, ya aiki? Ina yin dambun nama da yajin daddawa a gida, shekara biyu ke nan. Kullum sai na cika sitatus da hotuna, na buɗe TikTok na sa bidiyo sun fi arba'in, amma babu wanda masu kallonsa suka wuce ɗari uku. Ga shafin nan na turo maka ka duba. Wasu ɗan abu kaɗan za su yi sai gari ya ɗauka. Don Allah mene ne sirrin? Har na fara tunanin ko jifa aka yi wa kasuwata.
'Yarka daga Tumfure

Amsa: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka. Kwantar da hankalinki, ki riƙe addu'o'inki na safe da yamma, sannan mu duba aikin.

Yaushe rabon da ke da kanki ki tura wa wata tallan wani? Ba wanda aka roƙe ki ba, wanda kika ga dama kika tura. Idan kin tuna, za ki ga ko dai abin ya ba ki mamaki, ko ya ba ki dariya, ko kuwa kin san wadda za ki tura wa tana bukatarsa a daidai lokacin. Duk mai tura saƙo da sunansa yake turawa. Idan abin ya yi amfani a ce wance ce ta nuna mana, idan ya zama shirme ita za a yi wa kallon marar aikin yi. Saboda haka ba don ya taimaki mai kaya mutum yake turawa ba, don kansa yake yi da kuma wanda zai karɓa. Na duba shafinki. Bidiyon nan arba'in kusan duk iri ɗaya ne: roba a kan tebur, kiɗa a baya, "a yi oda" a ƙasa. Babu abin da zai sa wata ta ɗora sunanta a kai.

Alhali abin kallon yana tsakar gidanki ba ki ɗauka ba. Yawancin masu kukan tsadar dambu ba su san yadda nama yake ƙanƙancewa ba bayan an dafa, an daka, an soya. Ɗora ɗanyen naman a sikeli mu gani, sannan ki ɗora dambun da ya fito daga cikinsa. Wannan kaɗai zai sa matan gida su tsaya, ya kuma kashe miki rabin gardamar farashi. Nuna mana dakan, a ji ƙarar taɓarya maimakon waƙar wani. Koya mana yadda ake ajiye dambu ya daɗe bai yi warin mai ba: a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, a nisanta shi da rana. Ki saki wannan ana saura mako guda yara su koma makarantun kwana, ko ɗaliban jami'ar Kashere su koma. Uwar da ke haɗa wa ɗanta kayan makaranta ba sai kin roƙe ta ba, da kanta za ta tura wa uwa irinta. Kada ki ji tsoron wai kin fallasa sirrin sana'a. Mafi yawan masu kallo ba su da lokacin daka da suya, abin da za su tafi da shi kawai shi ne wannan yarinyar ta san aikinta kuma tana da tsafta.

A watan Janairun 2017 wani mahauci ɗan Turkiyya mai suna Nusret Gökçe ya sa gajeren bidiyo yana yanka gasasshen nama yana barbaɗa gishiri ta gefen hannunsa. Duniya ta ɗauka, aka laƙaba masa Salt Bae. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun yana yaro yake aikin fawa, kuma tun 2010 yake da gidan abincinsa a Istanbul. Haka Hilda Baci a Legas cikin watan Mayun 2023, wadda kundin bajintar duniya na Guinness ya tabbatar mata da awa 93 da minti 11 tana girki. Ita ma gidan abincinta yana tsaye kafin ranar. Dukansu aikin hannunsu aka kalla. Babu mai iya yi miki alkawarin ranar da naki zai tashi, wanda ya ce zai iya kuwa aljihunki yake hange.

Sai batun ɗari ukun da kike rainawa. Su wane ne? Idan matan Tumfure da Pantami da Tudun Wada ne, waɗanda ɗan acaɓa zai iya kai musu kafin la'asar, sun fi miki dubu ɗari uku da ke warwatse a Legas da Yamai. Ki riƙa faɗin sunan Gombe da bakinki a farkon bidiyo, ki rubuta lambarki a jikin hoton kansa, domin da zarar an sauke shi an tura ta WhatsApp babu inda za a taɓa a iso shafinki.

Game da sitatus, ki sani ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarki kika ajiye tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ke nan mutane ɗaya kike yi wa talla kullum. Idan kin jera musu hoto talatin za su toshe ki a ɓoye, ba kuma za su faɗa miki ba. Biyu ko uku sun isa. WhatsApp ma ba ya son abu ya bazu a tashi ɗaya: tun 2019 ba a tura saƙo zuwa wuri fiye da biyar a lokaci guda, a 2020 kuma aka ƙara matsewa, saƙon da ya sha yawo sai dai a tura wa wuri ɗaya. A can hannu da hannu abu yake tafiya.

Abu na ƙarshe, robarki. A 1996 wani kamfanin aika wasiƙun intanet a Amurka, Hotmail, ya riƙa liƙa ɗan layi guda a ƙarshen duk wasiƙar da aka aika ta cikinsa, yana gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa kyauta. Cikin shekara ɗaya da rabi suka tara miliyoyin mutane, a ƙarshen 1997 Microsoft ya saye su. Dabarar ita ce kayan da kansu suke ɗauke da tallan. Robar dambunki tana shiga gidan suna, tana shiga ɗakin kwanan ɗalibai, bayan dambu ya ƙare a zuba gishiri ta shekara a kicin. Na ga taki fara fat ce, babu suna babu lamba. Wadda ta ɗanɗana a gidan ƙawarta ta ji daɗi, ina za ta neme ki? In babu kuɗin sitika, ko da maka ce ki rubuta a murfin.

Tambaya: Bappa barka da war haka. Tela ne ni, ɗinkin maza. Na ji ana cewa idan kana ba da lada ga wanda ya kawo maka kwastoma kasuwa tana buɗewa. Na sanar cewa duk wanda ya kawo mutum zan rage masa naira dubu ɗaya. Wata biyu ke nan, mutum ɗaya tak ya zo ta wannan hanya. Ina matsalar take?
Ɗanka tela, Jekadafari

Amsa: Barka kadai ɗana. Matsalar kunya ce. Mutumin kirki a garin nan ba ya son abokinsa ya gano daga baya cewa don dubu ɗaya ya kai shi wurin tela. Da can yana yaba ka tsakani da Allah, yanzu ka sa yabon ya zama dillanci, sai ya ja baki ya yi shiru.

Juya abin. Kyautar ta fi karkata wajen baƙon, ko a raba ta biyu. Ka ce wa tsohon kwastomanka: duk wanda ka turo, ya ambaci sunanka, zan yi masa aikin aljihu kyauta saboda darajarka. Ka ga yanzu shi ne ya yi wa abokinsa alheri. Shi kuma idan ya kawo nasa ɗinkin sai ka yi masa gyara irin ta kasuwa, ba tare da lissafi a gabansa ba: ka ɗinka wa ƙaramin ɗansa riga da ragowar yadi, ko ka sa masa maɓallai masu kyau. Kamfanin Dropbox, masu ajiye wa mutane takardu da hotuna a intanet, da irin wannan suka tashi daga mutum dubu 100 zuwa miliyan 4 cikin wata 15, tsakanin 2008 da 2010. Mai gayyata da wanda aka gayyato kowa ana ƙara masa wurin ajiya. Lura da kyau, ba kuɗi suka raba ba, daga cikin abin da suke sayarwa suka bayar, wanda su bai ci musu komai ba amma mai karɓa yana ganin girmansa. Aikin aljihu minti nawa zai ci maka?

Sannan ina so ka sayi littafi mai ganye arba'in. Duk sabuwar fuskar da ta shigo, bayan gaisuwa ka tambaya: wa ya turo ka? Rubuta. Bayan wata uku za ka san lissafinka. A ce kowane kwastoma goma suna kawo maka sababbi uku. Ɗari za su kawo talatin, talatin su kawo tara, tara su kawo kusan uku, abin ya tsaya a wajen 143. Idan goma suna kawo biyar, ɗarin nan za ta kai kusan ɗari biyu. Sai goma sun kawo fiye da goma ne abin yake hauhawa da kansa ba tsayawa, wannan kuwa ba kasafai ake samunsa ba, in an samu ma ba ya daɗewa, tunda masu ɗinka kaftani a Gombe suna da iyaka. Kada ka raina ukun. Mutum arba'in da uku ne da ba ka biya ko sisi ka same su ba. Littafin zai kuma nuna maka abin da na sha gani: mutum biyu ko uku ne suke kawo maka yawancin jama'a, watakila wani malamin makaranta ko mai shagon shadda. Waɗannan su za ka riƙe hannu biyu.

Kada ka yi wannan sanarwa a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ko barci ba ka samu. Yi ta bayan Babbar Sallah, sa'ad da keke yake hutawa. Kuma ka san sunan da teloli suka yi wajen saɓa alkawari. Wanda ya turo maka abokinsa ka sa shi ya yi Sallah da tsohuwar riga, ka rasa su duka biyun, da duk majalisar da suke zama.

Tambaya: Hamma, ina gaisuwa. Turaren wuta da humra nake haɗawa. 'Yar ƙanwata ta ce in ba ta kuɗi ta saya mini mabiya dubu goma a Instagram, kuma ta iya haɗa hoton hira kamar kwastoma ce take yaba kaya, mu riƙa sawa. Ta ce kowa haka yake yi. Zuciyata ba ta kwanta ba.
Addar yara, Herwagana

Amsa: Adda, bi zuciyarki, ita ce a kan daidai. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya kuma hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi na gefe. Kwastomar ƙarya da ke yabon humra a hoton hira aikinta ke nan. Malamai na kusa da ke za su ƙara miki bayani, amma ni ban ga ƙofar halasci a nan ba.

Ta fuskar kasuwa ma asara ce. Mabiyan saye ba mutane ba ne, ba su da hanci balle su sayi turare. Shafukan nan sukan fara nuna abin da kika sa ga kaɗan daga mabiyanki, in sun tsaya sun kalla a ƙara gaba da shi, in ba su kula ba a ajiye shi. Kin cika gidan da waɗanda ba za su taɓa kallo ba, kin danne kanki da kuɗinki. Matan yanzu kuma idonsu a buɗe yake: mabiya dubu goma, masu tsokaci biyu, nan take sun gane.

Turare ba a jin ƙamshinsa ta waya. Kuɗin nan ki sayi ƙananan kwalabe, ki ɗura ɗan kaɗan, ki manna lambarki, ki kai wa mai lalle da mai gyaran amare ta unguwarku su riƙa ba amare da ƙawayensu. Idan kwastoma ta gaske ta yaba, nemi izininta kafin ki sa, ki rufe lambarta da hotonta. Hirar mutum amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa kan kare bayanan mutane.

Tambaya: Bappa, mahaifiyata tana suyar masa a ƙofar gida shekara da shekaru. Wani ɗalibi ya ɗauke ta a bidiyo, kwana biyu sai ga layi har bakin titi, ana ta kira daga Kano da Abuja. Muka ci bashi muka ƙaro tanda biyu da buhunan shinkafa, muka ɗauki mata biyu. Inna ta riƙa tashi tun kafin asuba har ta kwanta ciwo. Wasu suka fara cewa masar ba kamar da ba, har aka cuce mu da alat na bogi, wato saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shigo banki, sau biyu. Bayan sati uku kowa ya watse, ga bashi. Yanzu mu nemi wani ya sake ɗaukarta ne?
Ɗan mai masa, Bolari

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ta taɓa ni. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Ka gaishe ta da kyau. Lafiyarta ita ce jarin gidan nan, a fara da ita.

A'a, kada ku nemi wani bidiyon yanzu. Tashe irin wannan kamar ruwan kwarin garin nan ne da damina: ya taho da ƙarfi ya cika baki da baki, kafin magariba ya wuce ya bar yashi. Yawancin waɗanda suka yi layin nan kallo ya kawo su, sun ci sun ɗauki hoto sun tafi. Ba laifin masar Inna ba ne da ba su dawo ba, dama ba za su dawo ba. Inda aka samu matsala shi ne an ɗauki cinikin sati uku an ci masa bashin shekara.

Maganar da aka yi cewa masar ta canza, kada ku ji haushi, ku saurare ta. Kai ka fi ni sani cewa ƙullu ba a yi masa gaggawa. Sai an jiƙa shinkafa, an niƙa, an haɗa, an bar shi ya tashi a kan lokacinsa. Idan layi ya matsa aka soya shi bai gama tashi ba, ko aka ƙara wuta don a yi sauri, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Ga hannu biyu sababbi da ba su san yadda Inna take juyawa ba. Waɗanda suka fi lura da wannan su ne tsofaffin kwastomominta na unguwa, masu aiko yara da kwano kowace safiya, kuma ina jin tsoron wasunsu sun gaji da layi sun koma wani wuri. Su za ku fara dawo da su. Inna ta koma adadin kwanon shinkafar da ta saba, in ya ƙare ya ƙare. Faɗin "ta ƙare, sai gobe" ba ya kashe kasuwa, yana ma sa a yi sammako.

Tandar nan biyu kada ku yi saurin sayarwa. Duba wayarka, duk lambobin da suka kira cikin makonnin nan suna nan. Ware na cikin Gombe, ka ajiye su da suna, ka aika wa kowa gajeren saƙo na gaisuwa da godiya, ka ce kuna karɓar aikin masar biki da suna da walima, a sanar kwana biyu kafin rana, a ba da rabin kuɗi. A nan ne tanda uku da matan nan biyu za su yi amfani, don aiki ne da kun san yawansa tun kafin a jiƙa shinkafa. Daga nan bashin zai fita a hankali. Ka je wurin mai bashin da ƙafarka tun bai aiko ba, ku tsara biya kaɗan-kaɗan.

Masu kira daga Abuja da Kano kuwa, masa ba ta jure wannan tafiya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin aike a tasha kan kusa cinye ribar ƙaramin kaya. Idan suna son wani abu daga hannun Inna, a haɗa musu yajin ƙuli da take bayarwa da masar, shi yana tafiya ko'ina, mai oda ya biya kuɗin mota.

Batun alat: saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit ma ba shaida ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin leda ta bar hannunka. Macuta lokacin cunkoso suke jira.

Lambobin nan kuma ka kwafe su a littafi da biro. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu kasuwa a can suka wayi gari babu hanyar kwastomominsu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Waya ma ana sace ta.

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa da leshi a babbar kasuwa. Wani yaro mai barkwanci a TikTok, mabiyansa sun kai rabin miliyan, ya ce in ba shi dubu 150 ya yi mini talla. Ya ce ma za su shirya rigimar ƙarya a shagon da wata yarinya don abin ya yi tashe. Yaya ka gani?
Alhaji, babbar kasuwar Gombe

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Rigimar ƙaryar nan a ajiye ta gefe tun yanzu. Shekarun da ka yi kana gina sunan shagon nan ba za ka miƙa su ga wasan minti ɗaya ba. Matan da ke zuwa haɗa lefe a wurinka natsuwa da amana suke nema. In an gano shiri ne, ana kuwa ganowa, za a ce wanda ya yi ƙarya a bidiyo zai yi a kan leshi.

Tallan kansa ba laifi ba ne, amma a yi ciniki da ido buɗe. Ka ce ya buɗe maka wayarsa a gabanka, akwai shafin da ke nuna masa inda masu kallonsa suke da shekarunsu da ko maza ne ko mata. In ka ga yawanci samari ne 'yan ƙasa da ashirin da biyar a garuruwa masu nisa, ba su ne masu sayen leshi ba. Duba kuma bidiyon tallan da ya yi wa wasu a baya, ba na barkwancin ba, ka ga mutum nawa suka kalla, ka kira mai kayan ka ji ko ya ga canji a aljihunsa. In kun daidaita, a rubuta: bidiyo nawa, wace rana, kwana nawa zai zauna a shafin, rabin kuɗi yanzu rabi bayan aiki. Ba shi wata kalma da mai zuwa zai faɗa a rage masa wani abu, ta haka za ka ƙirga waɗanda ya kawo. Ka tuna daga ranar sunanka ya haɗu da nasa, in gobe ya zagi wani babba za a tuna da shagonka. Akwai kuma hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa, da ke cewa talla ko na intanet ne sai ta tantance shi. Masu sayar da abin ci ko na shafawa ko magani, su kuma ga NAFDAC, kada su bari wani ya yi wa kayansu kirarin warkar da cuta.

Ni da kuɗin nan a hannuna, da na raba su. Dillaliya mai shiga gida-gida, uwar adashe, telar mata da ake layi a wurinta, waɗannan mabiyansu ba su da yawa, amma in suka ce leshin wane ba ya zuba, an gama magana. Ba telar turmi ɗaya ta ɗinka ta rataye a shagonta.

Tambaya: Bappa, wani kamfani ya ce in biya dubu 20 in yi rajista, in kawo mutum uku, su ma su kawo uku-uku, ana biyana a kan kowa. Sun ce wannan shi ne tallan zamani.
Ɗalibi, Kumo

Amsa: Ɗana, riƙe kuɗinka. Tambaya ɗaya za ka yi musu: kuɗin da za a biya ni daga ina suke fitowa? Telan Jekadafari da na amsa wa a sama, nasa daga ɗinki suke fitowa. Waɗannan nasu daga aljihun ukun da za ka kawo ne, kuma ukun nan ƙannenka ne da abokan karatunka. Ranar da sababbi suka daina shigowa, na ƙasa su ke kwana ciki. Haka MMM, wani shirin zuba kuɗi na damfara, ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Masu kamfanin ba za a gan su ba, kai za a tare a ƙofar gida.

Tambaya: Bappa, ina yin cincin da dubulan da alkaki na gara. Maigida ya amince in yi talla amma ban da nuna fuska, ni ma ba na so. Ƙawayena sun ce in babu fuska abu ba ya tafiya.
Matar aure, Pantami

Amsa: 'Yata, ƙawayenki ba su yi daidai ba, ki zauna a kan abin da kuka yarda da shi ke da maigidanki. Mai neman dubulan hannu take son gani, yadda ake murzawa da naɗewa da tsomawa a ruwan sukari, kuma 'yan mata da yawa yanzu ba su taɓa ganin ana yi ba. Jingina wayar a sama tana kallon faranti, ki yi aikin da hantsi a inda haske yake shigowa, ki goge gilashin kyamarar tukuna. In kina so ki yi bayani da murya, in ba kya so ki rubuta. Ki ware layi na daban don sana'a, ki sa masa WhatsApp Business, akwai wurin jera kaya da farashi a ciki, ya rage miki amsa "nawa ne" sau ɗari. Kada ki sa kwatancen gida a fili. Ƙaninki ko mai Keke Napep da kuka yarda da shi ya riƙa miƙa kayan a wani sanannen wuri a bakin titi.

Wasiƙun da suka shafi yanke farashi da bin bashi suna nan a ajiye, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.